Michael Faraday: Ɗan maƙerin da ya ƙware wajen bayyana kimiyya ga jama'a

A hutun Kirsimeti na ƙarshen shekarar 1860, wani dattijo mai furfura, ɗan shekara 69, ya tsaya a gaban ɗaruruwan yara da iyayensu a zauren lacca na cibiyar Royal Institution da ke titin Albemarle a birnin Landan. A wannan lokaci sunansa ya riga ya zagaye duniya a matsayin wanda ya gano yadda ake samar da lantarki daga maganaɗisu. Amma abin da ya ɗora a kan teburinsa kyandir ne, irin wanda kowane yaro a zauren yake gani a gidansu kullum dare. A kan wannan kyandir ya gabatar da lacca shida, kuma kafin ya kammala, yaran sun san dalilin da ya sa wuta take ci, da abin da ke cikin iska, da abin da ruwa ya ƙunsa, da abin da ke faruwa a ƙirjinsu idan sun ja numfashi. Wannan dattijo shi ne Michael Faraday. Gwanintarsa ta magana kuwa koyonta ya yi da wahala, kamar yadda ake koyon ƙira ko ɗinki.

Tasowarsa

An haifi Faraday a ranar 22 ga Satumba, 1791, a Newington Butts, wadda a yau take cikin kudancin Landan. Mahaifinsa James maƙeri ne mai fama da rashin lafiya, shi ya sa gidan bai taɓa sanin wadata ba. A shekarar 1801, da abinci ya yi tsada a Ingila, akwai lokacin da burodi guda ɗaya ne rabon yaron na mako guda. Iyayensa mabiya wata ƙaramar ɗariƙar Kirista ce da ake kira Sandemaniyawa, waɗanda suka ɗauki tawali'u da gudun tara dukiya da muhimmanci, kuma a kan wannan aƙida ya rayu har ya koma ga Mahaliccinsa. Karatunsa na makaranta bai wuce koyon karatu da rubutu da ɗan lissafi ba.

Yana da shekara 13 ya fara aikin aike da rarraba jaridu a shagon George Riebau, mai sayar da littattafai da yi musu bango. A 1805 Riebau ya ɗauke shi almajirin sana'a na tsawon shekara bakwai. A nan ne yaron ya sami makarantar da talauci ya hana shi, domin littafin da aka kawo a ɗinke, sai ya karanta shi kafin ya koma hannun mai shi. Ya karanta bayanin lantarki a kundin Encyclopaedia Britannica, ya kuma karanta littafin Jane Marcet a kan ilimin sinadarai, wanda ta rubuta shi a sigar hira tsakanin malama da ɗalibanta mata biyu domin mai karatu na gama-gari. Faraday bai taɓa mantawa da wannan mata ba. Ya san cewa ta ƙofar da wata ta buɗe da sassauƙan harshe ya shiga kimiyya.

Daga 1810 ya fara halartar laccocin da John Tatum yake gabatarwa da yamma a gidansa, inda yayansa Robert, wanda shi ma maƙeri ne, yake biya masa sule guda na shiga. A 1812 wani mai hulɗa da shagon, William Dance, ya ba shi tikitin sauraron laccocin Humphry Davy, fitaccen masanin sinadarai na zamanin, a Royal Institution. Faraday ya halarci lacca huɗu, ya rubuta abin da ya ji, ya zana kayan gwajin da ya gani, ya ɗinke su suka zama littafi, sannan ya aika wa Davy tare da roƙon aiki. Da aka kori wani ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje saboda faɗa, Davy ya tuna da shi. A watan Maris na 1813 ya kama aiki a matsayin mataimaki, mai wanke kwalabe da shirya kayan lacca.

Ƙa'idojin da ya tsara yana ɗan shekara 21

Aikin shirya wa malamai kayan lacca ya ba shi damar da mutane kaɗan suke samu. Yana tsaye a gefe, idonsa ɗaya a kan mai magana, ɗaya a kan masu sauraro, yana lura da lokacin da hankalinsu ya taru da lokacin da ya watse. A watan Yunin 1813 ya rubuta wa abokinsa Benjamin Abbott jerin wasiƙu a kan yadda ya kamata a gabatar da lacca, alhali shi kansa bai taɓa hawa mumbari ba.

Ya fara da ɗakin. A ganinsa dole ne zaure ya kasance da haske da iska mai shiga da fita, da ƙofofin da ba za su jawo cunkoso ba, domin ya sha zama a ɗakin da zafi da numfashin jama'a suka sa shi fatan a tashi, komai daɗin bayanin. Daga nan ya koma kan teburi: a tsara kaya yadda kowa zai gani, kada wani ya tare wani, kada kuma a cika wurin da tarkacen da ba za a yi amfani da su ba. Ya fifita ido a kan kunne wajen isar da sani, abin da Bahaushe ya taƙaita da cewa gani ya kori ji.

Game da mai magana kuwa, ya ce ya kasance cikin natsuwa, ya yi magana a hankali da kalmomi bayyanannu, kada ya juya wa jama'a baya, kada kuma ya kafe wuri ɗaya kamar an dasa shi. Ya yarda mutum ya rubuta abin da zai faɗa domin shiri, amma bai yarda ya duƙa a kan takarda yana karantowa ba. Ya ƙi jinin kauce wa batu, ya kuma ɗauki neman tafi da yabo a matsayin zubar da girma. Ya ce sa'a guda ta isa kowace lacca, kuma wajibin mai magana ne ya kama hankalin jama'a tun daga farko, ya riƙe shi har ƙarshe, domin idan zaren ya tsinke da wuya a sake ƙulla shi.

Daga Oktoban 1813 zuwa Afrilun 1815 ya raka Davy zagayen Faransa da Italiya da Siwizalan. Ya ga manyan masana irin su Ampère a Paris da Volta a Milan. Sai dai tafiyar ta zo masa da ɗaci, domin an ɗora masa aikin bara, uwargidan Davy kuma ta riƙa nuna masa cewa shi ba tsaransu ba ne. Ya haɗiye, ya dawo da ilimin da babu jami'ar da za ta ba shi.

A 1816 ya gabatar da laccarsa ta farko a ƙungiyar matasa masu son ilimi da Tatum ya kafa. Da ya ga harshensa bai kai yadda yake so ba, sai ya shiga ajin koyon furuci da iya magana na Benjamin Smart a 1818, daga ɗan albashinsa. Ko bayan ya yi suna, yakan gayyaci Smart ya zauna cikin masu sauraro domin ya faɗa masa kurakuransa, abokinsa Edward Magrath kuma yana rubuta masa duk inda ya yi tuntuɓen harshe. Mataimakinsa Charles Anderson, tsohon soja, yana da katuna biyu da yake ajiye masa a kan teburi: ɗaya na tuna masa ya rage sauri, ɗaya na sanar da shi lokaci ya yi.

Abubuwan da ya gano

Bayanin Faraday ya yi nauyi ne saboda abin da yake faɗa da hannunsa ya gwada shi. A 1820 masanin ƙasar Denmak, Hans Christian Oersted, ya lura cewa waya mai ɗauke da lantarki tana karkatar da allurar kamfas. A Satumban 1821 Faraday ya sa waya mai lantarki ta riƙa kewaya maganaɗisu ba tsayawa, wanda shi ne tushen duk wata na'ura da lantarki ke juyawa, daga fanka zuwa injin niƙa. A wannan shekara ce ya auri Sarah Barnard, wadda suka zauna tare har ƙarshen rayuwarsa, Allah bai ba su haihuwa ba.

Nasarar ta jawo masa hassada. An zarge shi da ɗaukar tunanin William Wollaston ba tare da ambatonsa ba, kuma Davy da kansa ya yi adawa da shigarsa ƙungiyar masana ta Royal Society. Duk da haka an zaɓe shi a 1824. A 1823 ya mayar da iskar kulorin ruwa, a 1825 ya gano sinadarin benzin, aka kuma naɗa shi daraktan ɗakin gwaje-gwajen cibiyar.

Babban aikinsa ya zo ne a ranar 29 ga Agusta, 1831. Ya naɗe wayoyi biyu daban-daban a jikin zoben ƙarfe, ya ga cewa duk lokacin da ya kunna ko ya kashe lantarki a ɗaya, sai lantarki ya motsa a ɗayar. Bayan 'yan makonni ya nuna cewa motsa maganaɗisu a cikin naɗaɗɗiyar waya yana haifar da lantarki. A kan wannan ƙa'ida taransifomar unguwa take aiki, haka janaretan da ke ƙofar shago, haka manyan injinan madatsar ruwa ta Kainji. Da yake bai yi zurfi a lissafi ba, yakan kwatanta ƙarfin maganaɗisu da layukan da ke fitowa idan aka barbaɗa garin ƙarfe a kan takarda. Wasu masana sun raina wannan hanya, har sai da James Clerk Maxwell ya zo ya mayar da layukan nan lissafi, aka ga ashe ɗan maƙerin ya hango daidai.

Ko wajen raɗa wa abubuwa suna yana da kaffa-kaffa. Da yake binciken yadda lantarki ke raba sinadarai, ya nemi shawarar William Whewell na Jami'ar Kambirij a 1834, domin yana tsoron kada tsofaffin kalmomi su cusa wa mai koyo fahimtar da ba daidai ba. Kalmomin da suka fitar har yau ana koyar da su a makarantun sakandare.

Daren Juma'a da laccar yara

A tsakiyar shekarun 1820 cibiyar tana cikin ƙuncin kuɗi, kuma dorewarta ta dogara ne da kuɗin da membobi da masu sauraro suke biya. Faraday ya ɓullo da zaman daren Juma'a, inda masani zai tsaya na sa'a guda ya bayyana sabon bincike ga mutanen da ba fanninsu ba ne: lauyoyi, 'yan kasuwa, ma'aikatan gwamnati da matan aure. Shi kansa ya gabatar da fiye da 100 daga cikinsu. A 1825 kuma aka fara laccocin Kirsimeti na yara, a zamanin da kusan babu makarantar da ke koya wa yara kimiyya. Ya fara gabatar da nasa a 1827, ya yi jeri 19 gaba ɗaya. A na ƙarshen 1855 Yarima Albert, mijin Sarauniya Victoria, ya zo da 'ya'yansa maza biyu suka zauna a sahun gaba.

Laccar kyandir, wadda ya fara yi a 1848, ita ce ta fi nuna salonsa. Yakan fara da abin da kowa ya sani, ya yi tambayar da ba wanda ya taɓa yi wa kansa. Yaya aka yi narkakken kitse yake hawa lagwani ya kai ga wuta? Sai ya tuna wa yara tawul ɗin da aka bari a bakin kwano, gefe ɗaya a cikin ruwa, yadda yake janye ruwan a hankali ya zubar a ƙasa. Me ke ci a jikin kyandir? Sai ya hure shi, ya kawo wata wuta kusa da farin hayaƙin da ke tashi, nan take harshen wuta ya bi hayaƙin ya koma kan lagwani, kowa ya gani da idonsa cewa tururin kitsen ne yake ƙonewa. Ya kara takarda a kan harshen wutar na ɗan lokaci, ta fito da baƙin zobe, tsakiyarsa bai ƙone ba, alamar cewa zafin yana gefe, inda tururin ke haɗuwa da iska.

Daga nan ya kifa abu mai sanyi a saman wutar, ɗigon ruwa ya taru, ya nuna cewa kyandir mai ci yana haifar da ruwa. Wannan ya kai shi ga haidirojin da oksijin. Ya tara iskar da ke fita daga kyandir ya haɗa ta da tataccen ruwan farar ƙasa, ruwan ya yi fari kamar madara. Sai ya busa numfashinsa a cikin irin wannan ruwa, shi ma ya yi fari. Ta haka yara suka fahimci cewa jikin ɗan Adam yana ƙona abinci a hankali, yana fitar da iska iri ɗaya da ta kyandir. Kowane mataki a kan na bayansa yake tsaye, kuma yakan nuna musu gwajin da za su iya maimaitawa a gida. Tun a 1850 marubuci Charles Dickens ya nemi takardun laccar domin mujallarsa, a 1861 kuma William Crookes ya fitar da ita a littafi mai suna The Chemical History of a Candle, wato tarihin kyandir ta fuskar sinadarai.

Duk da wannan karɓuwa, Faraday bai ruɗi kansa ba. Ya yarda cewa laccar sa'a guda ba ta mayar da mutum masani, aikinta shi ne ta tayar da sha'awa, ta nuna hanya, sauran kuma sai da karatu da gwaji.

Lokacin da magana ta zama wajibi

Gwanintar bayani ta fi amfani a ranar da rai ko hankalin jama'a yake cikin haɗari. A 1844 mahaƙar kwal ta Haswell ta yi bindiga, mutum 95 suka mutu. Gwamnati ta tura Faraday da masanin duwatsu Charles Lyell su bincika. Rahotonsu ya nuna cewa ƙurar kwal ta ƙara wa fashewar muni, ya kuma ba da shawarar gyara hanyoyin iska da ilimantar da ma'aikata. Masu mahaƙai sun yi biris da batun ƙurar shekaru da dama, abin da ya nuna cewa bayani mai kyau shi kaɗai ba ya tilasta wa mai iko ya yi aiki.

A 1853 wata annoba ta camfi ta mamaye gidajen Landan. Mutane sukan zauna su ɗora hannu a kan teburi, teburin ya motsa, su ce ruhohi ne, wasu kuma su ce lantarki ne. Faraday bai zarge su da ƙarya ba. Ya haɗa alluna biyu da sandunan gilashi a tsakaninsu, ya maƙala siririn tsinke da zai karkata idan hannu ya tura allon sama. Idan an ɓoye tsinken, sai ya nuna cewa hannuwa ne suka fara motsi kafin teburi. Idan kuwa masu zaman suna kallonsa, sai motsin ya tsaya cak. Ya buga sakamakon a jaridar The Times, yana bayyana cewa mutanen suna turawa ne ba tare da sun sani ba. Abin ya dame shi ƙwarai, ganin masu ilimi da muƙami sun faɗa wannan tarko, shi ya sa a 1854 ya gabatar da lacca a kan tarbiyyar hankali, inda ya nuna cewa babban gibin ilimin zamaninsa shi ne rashin koya wa mutum ya tuhumi abin da zuciyarsa take so ya zama gaskiya.

A Yulin 1855 ya shiga jirgin ruwa a kogin Thames, wanda ƙazantar birnin take kwarara cikinsa. Ya yayyaga farin kati yana jefawa a ruwa a kowace tasha, kuma kafin guntun ya nutse inci guda ya ɓace wa ido. Ya rubuta wa The Times gajeriyar wasiƙa da wannan gwaji da kowa zai iya yi, ya yi gargaɗin cewa sakaci zai jawo abin da ba a so idan zafi ya zo. A bazarar 1858 warin kogin ya addabi majalisar dokoki da ke bakinsa, dole ta amince da gina manyan magudanan da injiniya Joseph Bazalgette ya jagoranta.

Ƙarshen rayuwarsa

Tun daga 1839 Faraday yake fama da jiri da mantuwa, abin da ya sa ya dogara da littafin da yake rubuta kowane gwaji da lamba, har lambobin suka haura 16,000. Ya ƙi karɓar shugabancin Royal Society, ya zaɓi ya ci gaba da zama mutum na gama-gari. A 1858 Sarauniya Victoria ta ba shi gida a Hampton Court. A watan Yunin 1862 ya gabatar da laccarsa ta ƙarshe ta daren Juma'a, ya sanar da jama'a cewa ƙwaƙwalwarsa ta gaza, gara ya sauka da kansa. Ya rasu a ranar 25 ga Agusta, 1867, yana da shekara 75, aka binne shi a maƙabartar Highgate ƙarƙashin dutse marar ado, kamar yadda ya so.

An sanya sunansa a ma'aunin lantarki na farad, hotonsa kuma ya hau takardar fam 20 ta Ingila a 1991, tare da zanensa yana gabatar da lacca. Tun 1986 Royal Society take ba da lambar yabo da sunansa ga masanin da ya yi fice wajen isar da kimiyya ga jama'a. Laccocin Kirsimeti suna gudana har yau a zauren nan na titin Albemarle, ana kuma nuna su a talabijin. Littafin kyandir ya shiga harsuna da dama. Akira Yoshino na ƙasar Japan, wanda ya sami kyautar Nobel a 2019 saboda aikinsa a kan batirin litiyom da ke cikin wayoyin hannu, ya bayyana cewa wannan littafi ne, da malamarsa ta firamare ta nuna masa, ya fara sa masa son ilimin sinadarai.